Turkiyya bayan zaɓen 2023: Yadda ƙarancin dala ya juya akalar sabuwar gwamnatin Erdogan

Ranar 3 ga watan Yunin 2023 Shugaba Rajab Tayyib Erdogan ya sha rantsuwar kama aiki a Ankara domin sabon wa'adi na shekara biyar, kuma a daren ranar ya bayyana sunayen ministocinsa. In ban da ministan lafiya da na al'adu da yawon buɗe ido, duk sauran an sauya su. Sunan da ya fi jan hankali a ciki da wajen ƙasar shi ne na Mehmet Simsek, wanda aka damƙa wa ma'aikatar kuɗi da baitulmali. Washegari, da yake karɓar ragamar ma'aikatar, Simsek ya ce Turkiyya ba ta da wani zaɓi face ta koma kan turbar hankali wajen tafiyar da tattalin arzikinta.

Magana ce mai nauyi, domin ma'anarta a fili take: turbar da aka bi a baya ba ta hankali ba ce. Wanda kuwa ya shimfiɗa waccan turba, ya kuma kare ta a kan dandamalin yaƙin neman zaɓe, shi ne mutumin da ya naɗa Simsek. Me zai sa shugaban da bai fi mako guda da lashe zaɓe ba ya ɗauko wanda zai warware manufarsa? Amsar tana cikin asusun Babban Bankin ƙasar. Wanda ya fahimci halin da wannan asusu ke ciki a lokacin zai gane dalilin tafiye-tafiyen Erdogan zuwa ƙasashen Larabawa, da sassaucin da ya nuna wa ƙungiyar tsaro ta NATO, da ma irin taka-tsantsan ɗin da yake yi da Rasha.

Nasarar da ba a zata ba

A zagayen farko na zaɓen, ranar 14 ga Mayu, Erdogan ya samu kashi 49.5 cikin 100 na ƙuri'u, babban abokin karawarsa Kemal Kilicdaroglu ya samu kashi 44.9, Sinan Ogan kuma ya tashi da kashi 5 da ɗoriya. Tun da babu wanda ya haura rabi, sai aka je zagaye na biyu ranar 28 ga Mayu, karo na farko a tarihin ƙasar, inda Erdogan ya yi nasara da kashi 52.18. Yawancin ƙuri'un jin ra'ayin jama'a sun yi hasashen cewa Kilicdaroglu ne zai zo kan gaba, ganin irin tsadar rayuwa da kuma girgizar ƙasar 6 ga Fabrairu wadda ta halaka sama da mutum 50,000 a larduna 11. Amma a Kahramanmaras, inda girgizar ta samo asali, Erdogan ya samu sama da kashi 70.

Dalilan nasarar suna da yawa. Akwai amanar da masu riƙo da addini a garuruwan tsakiyar Anatoliya suka ba shi tun shekara ashirin da suka wuce, lokacin da mace mai ɗankwali ba ta da damar shiga jami'a ko aikin gwamnati. Akwai zargin da ya dinga nanatawa cewa 'yan adawa na haɗa baki da ƙungiyar PKK ta Kurdawa masu ɗauke da makamai. Akwai kuma rinjayen da gwamnati ke da shi a kafafen yaɗa labarai, wanda masu sa ido na ƙungiyar OSCE suka ce ya ba shugaba mai ci fifikon da bai dace ba, ko da yake sun yarda cewa jama'a sun fito sosai kuma suna da zaɓi na haƙiƙa.

A majalisar dokoki mai kujeru 600, ƙawancen Erdogan ya samu 323. Jam'iyyarsa ta AKP ta samu 268 daga ciki, jam'iyyar 'yan kishin ƙasa ta MHP 50, sai ƙaramar jam'iyyar Fatih Erbakan mai kujeru 5. Wannan ya isa a zartar da doka da kasafin kuɗi. Bai isa a taɓa kundin tsarin mulki ba, domin ana buƙatar ƙuri'a 360 kafin a kai gyara gaban jama'a a ƙuri'ar raba gardama, ko 400 idan majalisa za ta zartar da kanta. Ya kamata kuma a lura cewa AKP ta samu kashi 35.6 ne kawai, mafi ƙaranci tun zaɓen 2002 da ya kawo ta kan mulki. Jama'a sun fi son Erdogan a kan jam'iyyarsa, kuma wannan zai yi tasiri a zaɓen da ba sunansa ne a kan takardar ƙuri'a ba.

Yadda aka kai ga asusun da ya bushe

Erdogan ya daɗe yana da ra'ayin cewa tsadar kuɗin ruwa ita ke haifar da hauhawar farashin kaya. Hujjarsa ita ce idan mai masana'anta ya ci bashi da tsada, zai ɗora wannan tsadar a kan kayan da yake sayarwa. Ya kuma sha jingina matsayinsa da hanin da Musulunci ya yi wa riba. Galibin masana tattalin arziki suna ganin akasin haka: idan farashi na tashi, ana ƙara kuɗin ruwa ne domin a rage yawan kuɗin da ke yawo a hannun jama'a, a kuma ba mutane dalilin ajiye kuɗin ƙasarsu.

Tun da aka koma tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko a 2018, bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2017, babu sauran wanda zai taka wa wannan ra'ayi birki. Tsakanin Yulin 2019 da Maris na 2021 Erdogan ya sallami gwamnonin Babban Banki uku. Daga watan Satumban 2021 bankin ya soma rage kuɗin ruwa daga kashi 19, ya kai shi 14 a ƙarshen shekarar, sannan 8.5 a Fabrairun 2023. A daidai wannan lokaci hauhawar farashi ta yi tashin gwauron zabi har ta kai kashi 85.5 a watan Oktoban 2022, bisa alƙaluman hukuma. Wata ƙungiyar masana masu zaman kansu da ake kira ENAG ta ce ainihin adadin ya ninka haka har da ɗoriya.

Abin da ya biyo baya ba shi da wuyar fahimta. A ɗauka mutum ya ajiye lira 100 a banki, bayan shekara ya karɓi 115, alhali kayan da a da yake saye a kan 100 sun koma 180. Wannan ajiya asara ce, kuma ba ya buƙatar digiri kafin ya gane haka. Don haka sai kowa ya shiga guje wa lira. Mai hali ya sayi dala ko zinare, wani ya sayi gida ko mota, ɗan kasuwa ya ci bashi mai arha ya cika sito da kaya tun kafin su ƙara tsada. A watan Satumban 2021 dala ɗaya tana kan lira 8 da ɗoriya. Lokacin zaɓe ta kai kusan 20.

Turkiyya kuwa ƙasa ce da ke shigo da kusan dukkan iskar gas da mafi yawan man fetur da take amfani da su, kuma masana'antunta sun dogara da kayan haɗi na waje. Duk faɗuwar lira tana komawa kai tsaye kan farashin burodi da kuɗin mota da na wuta. A 2022, shekarar da yaƙin Yukiren ya tayar da farashin makamashi, ƙasar ta fitar da kayan dala biliyan 254, adadin da ba ta taɓa kai wa ba, amma giɓin da ke tsakanin abin da ta shigo da shi da wanda ta fitar ya haura dala biliyan 100. Adalci ne a ambaci cewa tattalin arzikin ya bunƙasa da sama da kashi 5 a wannan shekara, kuma masana'antu ba su rufe ba. Abin da Erdogan ya zaɓa ke nan: a ci gaba da samun aikin yi, ko da albashin ba ya kai ƙarshen wata.

Domin hana lira rugujewa gaba ɗaya, gwamnati ta yi amfani da dabaru biyu masu tsada. Ta farko ita ce sayar da dalar da ke ajiye a Babban Banki ta hannun bankunan gwamnati. Ta biyu ita ce wani tsarin ajiya da aka ƙirƙiro a watan Disamban 2021, wanda ake taƙaita sunansa da KKM. A ƙarƙashinsa, mutum zai ajiye kuɗinsa a lira, idan kuma faɗuwar lira ta zarce ribar da banki ya ba shi, hukuma ce za ta cike masa giɓin. Tsarin ya kwantar da hankalin masu ajiya na ɗan lokaci, amma a 2023 kuɗin da ke cikinsa sun haura kwatankwacin dala biliyan 100, kuma duk ranar da lira ta faɗi a lokacin, nauyin da ke wuyan gwamnati sai ya ƙaru. A taƙaice, talaka mai biyan haraji ne ya tsaya wa mai kuɗi a banki.

Sai kuma kashe-kashen kuɗin gabanin zaɓe. An ƙara mafi ƙarancin albashi da kashi 55 a watan Janairu. An ba sama da mutum miliyan biyu damar yin ritaya da wuri. An ba gidaje iskar gas kyauta na wata guda. Ga kuma girgizar ƙasa wadda gwamnati ta ƙiyasta ɓarnarta da kimanin dala biliyan 104, da alƙawarin gina gidaje 650,000, waɗanda 319,000 daga ciki aka ce za a kammala cikin shekara guda. Ana tsakiyar zagaye biyu na zaɓen ne alƙaluman Babban Banki suka nuna cewa idan aka cire basussukan da ke kansa, ajiyarsa ta kuɗaɗen waje ta faɗi ƙasa da sifiri, abin da ba a gani ba tun 2002. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a ƙarshen watan Mayu miyar ta ƙare.

Simsek da Erkan

Mehmet Simsek ba baƙo ba ne. Bakurde ne ɗan lardin Batman da ke kudu maso gabas, ya yi aiki da kamfanin Merrill Lynch a Landan, ya riƙe ma'aikatar kuɗi daga 2009 zuwa 2015, sannan ya zama mataimakin firayim minista har zuwa 2018, lokacin da aka miƙa tattalin arziki ga surukin shugaban ƙasa, Berat Albayrak. Masu zuba jari na waje sun san shi, kuma don su aka dawo da shi. Ranar 9 ga Yuni aka naɗa Hafize Gaye Erkan gwamnar Babban Banki, mace ta farko a wannan muƙami, wadda ta yi shekaru tana aikin banki a Amurka.

Ranar 22 ga Yuni bankin ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 8.5 zuwa 15, ranar 20 ga Yuli kuma zuwa 17.5. An sassauta riƙon da aka yi wa lira, ta sauka daga kusan 20 zuwa wajen 27 a kan dala cikin wata biyu. A watan Yuli an ɗaga harajin sayen kaya daga kashi 18 zuwa 20, an ninka harajin da ke kan man fetur kusan sau uku. Domin rage raɗaɗi, an sake ƙara mafi ƙarancin albashi da kashi 34, ya koma lira 11,402. A ƙarshen watan, Erkan ta fito ta ce bankin na hasashen hauhawar farashi za ta kai kashi 58 a ƙarshen shekara, maimakon kashi 22 da magabacinta ya faɗa. Masu sharhi da yawa sun ɗauki wannan faɗin gaskiya a matsayin babban sauyi fiye da ƙarin kuɗin ruwan kansa.

Masu karatu a Najeriya za su ga kama da abin da suke ciki. Kwana ɗaya bayan zagaye na biyu a Turkiyya aka rantsar da Shugaba Bola Tinubu, ya sanar da janye tallafin man fetur, makonni biyu bayan haka kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. A ƙasashen biyu an jinkirta magani mai ɗaci har sai da aka gama kaɗa ƙuri'a.

Tambayar da ke bakin kowa a lokacin ita ce ko Erdogan zai jure. Ya faɗa da bakinsa a tsakiyar watan Yuni cewa bai sauya ra'ayi kan kuɗin ruwa ba, ya dai amince ministansa ya ɗauki matakan da yake ganin sun dace. Tsohon gwamnan banki Sahap Kavcioglu, wanda ya aiwatar da rage kuɗin ruwan, ba a tura shi gida ba, an mayar da shi shugaban hukumar da ke sa ido kan bankuna. Kuma kowa na tune da Naci Agbal, wanda aka naɗa a Nuwamban 2020 domin irin wannan gyara. Ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 19 a watan Maris na 2021, bayan kwana biyu aka sallame shi da tsakar dare. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu. Shi ya sa manyan masu zuba jari na Turai da Amurka suka yaba wa Simsek da baki, amma a lokacin ba su kwance bakin jaka ba. A Yulin 2023, kuɗin ruwa na kashi 17.5 a ƙasar da farashi ke tashi da kusan kashi 50 bai isa ya sa kowa ya riƙe lira ba.

Zawarcin tsofaffin abokan gaba

Tun da jarin Yammacin duniya na jan ƙafa, sai aka nufi inda ake yanke shawara a fada ɗaya. Tsakanin 17 da 19 ga Yuli Erdogan ya ziyarci Saudiyya da Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tare da ayarin 'yan kasuwa. A Jidda an sanya hannu kan cinikin jirage marasa matuƙa na kamfanin Baykar, wanda kamfanin ya bayyana a matsayin mafi girma a tarihin fitar da kayan tsaro na Turkiyya. A Abu Dhabi an sanar da yarjejeniyoyin da aka ƙiyasta da dala biliyan 50.7.

Shekara biyar kafin lokacin da wuya a yi tunanin haka. Bayan kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya da ke Istanbul a Oktoban 2018, Erdogan ne kan gaba wajen matsa wa Riyad lamba. A Afrilun 2022 wata kotun Turkiyya ta miƙa shari'ar ga Saudiyya, cikin watan Erdogan ya je Jidda, a watan Yuni kuma Yarima Muhammad bin Salman ya zo Ankara. A Maris na 2023, wata biyu kafin zaɓe, Saudiyya ta ajiye dala biliyan 5 a Babban Bankin Turkiyya. Haka abin yake da Daular Larabawa, wadda suka goyi bayan ɓangarori masu gaba da juna a yaƙin Libiya. Da Masar ma, bayan shekara goma ana zaman doya da manja tun kifar da gwamnatin Muhammad Mursi a 2013, ƙasashen biyu sun sanar da naɗa jakadu ranar 4 ga Yuli.

A ganina kuskure ne a ɗauki adadin dala biliyan 50.7 kamar kuɗin da suka shiga asusu. Yawancinsu alƙawura ne na ayyukan makamashi da sufuri da tsaro waɗanda za su ɗauki shekaru. Kuma masu kuɗin yankin Tekun Fasha sun daina bayarwa don zumunci kawai, yanzu suna neman tashoshin jiragen ruwa da kamfanoni da hannun jari masu kawo riba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: muryar Ankara kan 'Yan Uwa Musulmi da sauran batutuwan da ke ɓata wa waɗannan gwamnatoci rai ta yi ƙasa sosai.

Raba ƙafa tsakanin Mosko da NATO

Mutumin da aka ɗora wa wannan aiki shi ne Hakan Fidan, wanda ya shugabanci hukumar leƙen asiri tun 2010 kafin a naɗa shi ministan harkokin waje. Yawancin sasantawar da aka ambata ta hannunsa aka fara su a ɓoye, don haka naɗin nasa ci gaba ne da abin da ake kai.

Turkiyya tana cikin NATO tun 1952, kuma rundunarta ce ta biyu a girma bayan ta Amurka. Duk da haka ta ƙi shiga takunkumin da aka ƙaƙaba wa Rasha. Ta sayar wa Yukiren jirage marasa matuƙa na Bayraktar, ta rufe mashigan ruwanta ga jiragen yaƙi bisa yarjejeniyar Montro ta 1936, ta kuma ƙi amincewa da mamayar Kirimiya. Amma kusan kashi 40 na iskar gas ɗinta daga Rasha yake zuwa, kamfanin Rosatom na Rasha ne ke gina tashar nukiliya ta farko a ƙasar a Akkuyu kan kimanin dala biliyan 20, kuma Rashawa sama da miliyan biyar suka je yawon buɗe ido Turkiyya a 2022. Ƙasar da ke neman dala ido rufe ba za ta rufe wannan ƙofa ba.

Bayan zaɓe sai ma'aunin ya ɗan karkata zuwa Yamma. A farkon Yuli Erdogan ya karɓi Shugaba Zelenski a Istanbul, ya ce Yukiren ta cancanci shiga NATO, ya kuma bar kwamandoji biyar na rundunar da ta kare Mariupol suka koma gida tare da shi, abin da fadar Kremlin ta kira saɓa yarjejeniya. Ranar 10 ga Yuli, gab da taron NATO a Bilniyus, ya wayi gari yana cewa sai an buɗe wa Turkiyya ƙofar Tarayyar Turai kafin ya amince da shigar Suwidin, kafin dare kuma ya amince zai miƙa batun ga majalisa. Sama da shekara guda ya yi yana hana ruwa gudu, yana zargin Suwidin da ba 'yan PKK da mabiya Fethullah Gulen mafaka, kuma ƙona Alƙur'ani mai girma da aka yi a Stockholm a watan Janairu da kuma ranar Babbar Sallah ya ƙara dagula lamarin. Washegarin amincewar tasa, fadar shugaban Amurka ta ce za ta ci gaba da batun sayar wa Turkiyya jiragen yaƙi samfurin F-16 guda 40. Turkiyya na buƙatarsu ne tun da aka cire ta daga shirin F-35 a 2019 saboda sayen makaman kariya na S-400 daga Rasha. Sai dai a lokacin majalisar Turkiyya ta tafi hutu har watan Oktoban 2023, majalisar Amurka kuma ba ta riga ta saki jiragen ba. Kowane ɓangare ya tsaya jiran ɗayan ya fara.

Maganar shiga Tarayyar Turai ba wanda ya ɗauke ta da gaske. Turkiyya ta nemi shiga tun 1987, an fara tattaunawa a 2005, kuma ta daɗe da tsayawa cik. Abin da Ankara ke so a zahiri shi ne a sabunta yarjejeniyar kwastan ta 1995, a kuma sauƙaƙa wa 'yan ƙasarta biza. Kimanin kashi 40 na kayan da take fitarwa Tarayyar Turai suke zuwa, kuma babu adadin kuɗin Larabawa da zai maye gurbin wannan kasuwa.

Ranar 17 ga Yuli Rasha ta fice daga yarjejeniyar fitar da hatsi ta Bahar Aswad, wadda Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙulla a Yulin 2022, wadda kuma ta ba da damar fitar da kusan tan miliyan 33 na abinci daga Yukiren. Ita ce babbar abin alfaharin diflomasiyyar Erdogan, kuma rushewarta ta nuna iyakar tasirinsa a kan Shugaba Putin.

A 2023 Siriya ce ƙullin da ya fi wuyar kwancewa. Akwai 'yan gudun hijirar Siriya kimanin miliyan 3.3 a Turkiyya a lokacin, kuma zaɓen ya nuna yadda jama'a suka gaji da su, har Kilicdaroglu ya mayar da korarsu babban alƙawarinsa a zagaye na biyu. Erdogan ya so sasantawa da Bashar Assad domin a samu hanyar mayar da wasu, an kuma yi zaman ministoci a Mosko. Assad ya ce sai sojojin Turkiyya, waɗanda ke arewacin Siriya tun 2016, sun janye. Ankara kuwa a lokacin ba ta shirya janyewa ba muddin mayaƙan Kurdawa na YPG, waɗanda Amurka ke mara wa baya, suna bakin iyakarta.

A Afirka ba a sa ran wani sauyi. Ofisoshin jakadancin Turkiyya a nahiyar sun ƙaru daga 12 a 2002 zuwa sama da 40, tana da sansanin horar da soji a Mogadishu tun 2017, kuma kayan yaƙinta masu rahusa sun samu kasuwa: Nijar ta sayi jiragen Bayraktar, Najeriya kuma ta yi odar jirage masu saukar ungulu samfurin T129 da jiragen sintiri na ruwa. Erdogan ya zo Abuja a 2016 da 2021, kuma ƙasashen biyu suna cikin ƙungiyar D-8 da aka kafa a Istanbul a 1997. Faɗuwar lira na sa tufafi da kayan ɗakin Turkiyya su yi arha ga mai riƙe da dala, ko da yake tsadar da ake fama da ita a can tana cinye wani ɓangare na wannan rangwame.

Istanbul

A cikin gida babu alamar sassauci irin wanda aka nuna wa ƙasashen waje. Selahattin Demirtas, tsohon shugaban jam'iyyar HDP mai goyon bayan Kurdawa, yana tsare tun 2016, ɗan kasuwa Osman Kavala kuma tun 2017, duk da hukuncin Kotun Kare Haƙƙin Bil'adama ta Turai cewa a sake su. A jawabinsa na daren nasara Erdogan ya ce Demirtas ba zai fita ba muddin yana kan mulki. Lauya Can Atalay, wanda aka zaɓa ɗan majalisa daga Hatay yana gidan yari, har yanzu bai fito ba.

A wannan dare kuma ya ambaci abin da ke ransa: zaɓen ƙananan hukumomi na ƙarshen watan Maris na 2024, musamman Istanbul. Daga kujerar magajin garin wannan birni ya fara a 1994. Birnin na da mutum kusan miliyan 16 da kusan kashi ɗaya cikin uku na arzikin ƙasa, kuma kwangilolinsa sun daɗe suna ciyar da jam'iyya mai mulki. A 2019 Ekrem Imamoglu na jam'iyyar CHP ya ƙwace shi da ratar ƙuri'a kimanin 13,000, aka soke zaɓen, aka sake, ya ci da ratar kusan 800,000. A Disamban 2022 kotu ta yanke masa hukuncin ɗaurin shekara biyu da wata bakwai da haramcin siyasa bisa laifin zagin jami'an zaɓe, hukuncin da a 2023 yake gaban kotun ɗaukaka ƙara.

'Yan adawa sun fito daga zaɓen a wargaje. Ƙawancen jam'iyyu shida ya soma watsewa, ƙananan jam'iyyun da suka shiga majalisa a kan jerin sunayen CHP sun kwashe kujeru 38 sun kama gabansu, Imamoglu ya yi kiran a yi sauyi a shugabancin jam'iyya, Kilicdaroglu kuma a lokacin ya ƙi sauka. A lokacin ana ganin wannan dama ce ga Erdogan, cewa idan ya karɓe Istanbul zai samu ƙarfin neman sabon kundin tsarin mulki, wanda ta nan ne za a iya buɗe masa hanyar sake tsayawa bayan 2028.

A nan ne lissafin siyasa da na Simsek suka ci karo. Maganin hauhawar farashi yana nufin bashi mai tsada, da raguwar ciniki, da ƙila rasa ayyukan yi, kuma a lokacin ana hasashen raɗaɗinsa zai kai ƙololuwa ne a cikin hunturu, daidai lokacin yaƙin neman zaɓe. Ranar 24 ga Agustan 2023 kwamitin Babban Banki ya sake zama kan kuɗin ruwa. A watan Oktoba majalisa ta dawo aka miƙa mata takardar Suwidin, ranar 29 ga watan kuma Jamhuriyar Turkiyya ta cika shekara 100. A watan Disamba ne aka tsayar da sabon mafi ƙarancin albashi, wanda babban kaso na ma'aikatan ƙasar ke karɓa, kuma ya fara aiki ne wata uku kacal kafin mutanen Istanbul su je rumfunan zaɓe.